Samari, ku bar mana ɗorawa da kaɗanya

'Yan uwana matasa, musamman ku masu shiga daji da gatari da injin yanka katako, ina roƙonku ku saurare ni. Na san ba don mugunta kuke yi ba. Gas ya yi tsada, kananzir ya gagari talaka, buhun gawayi kuwa kuɗi ne a hannu. Amma ku dubi irin itatuwan da kuke kayarwa.

Kaɗanya takan kai shekara 15 kafin ta fara 'ya'ya. Da ita iyayenmu mata ke yin man kaɗe, su sayar su yi wa 'ya'yansu kayan ɗaki. Ɗorawa ita ke ba da kalwar da ake daddawa. Sai mutum ya zo da hantsi ya kwantar da ita, ya sassare, ya jera guntayen, ya rufe da ciyawa da ƙasa, ya cinna wuta. Bayan 'yan kwanaki ya kwashe buhu kaɗan, kuɗin ko mako ba za su yi ba. Kiryar da maƙera ke nema, masassaƙa ke turmi da ita, yanzu a wurare da yawa sai an yi tafiya mai nisa kafin a ga ƙwaya ɗaya. Madobiya kuma an yi ta lodin ta daga dazukan Taraba zuwa ƙasar Sin har ta kusa ƙarewa.

Itace ba ya faɗuwa shi kaɗai. Zumar da ke kogonsa ta watse, shamuwa ta rasa inda za ta yi sheƙa, mai maganin gargajiya ya rasa saiwa da sassaƙe. Ga masu banka wa daji wuta don kama gafiya ko zomo, wallahi wannan ɓarna ce tsagwaronta. Manzon Allah (SAW) ya faɗa mana cewa duk Musulmin da ya dasa itace, mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci, sadaka ce gare shi. To ina makomar wanda ya ƙone abin da wani ya bari?

Ku leƙa Maraɗi da Damagaram ku gani. Bayan farin 1984, manoman can suka daina tumɓuke kututture lokacin sharar gona. In kututturen gawo ko kalgo ya tofo, sai su zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi su bari, su rage sauran da lauje ko adda. Da wannan dabarar gonaki kusan hekta miliyan 5 suka sake yin itatuwa, ba tare da an sayi dashe ko an yi ban ruwa ba. Gawo yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya tare wa gero rana, ganyen ya zama taki, da rani kuma awaki su ci 'ya'yansa.

Bana in za ku yi shara, ku bar abin da ya tofo. In itacen girki ake bukata, a sari reshe ko busasshe. Wanda kuma ya ga ana sare ɗorawa a garinsu, ya kai magana gaban mai unguwa ko dagaci tun ba a kai ga ta gaba ba.