Mesa ba ta da dafi

Da yawa daga cikinmu, da zarar an ce maciji, sai dafi ya faɗo mana a rai, har a haɗa mesa da kububuwa da gamsheƙa a kwando ɗaya. Alhali mesa ba ta da dafi ko kaɗan. Haƙora dai tana da su, masu lanƙwasa zuwa ciki kamar ƙugiya, don riƙe abin da ta cafka.

Haka kuma zancen cewa sai ta kakkarya ƙasusuwan dabba kafin ta haɗiye, ba haka abin yake ba. Nannaɗe ta take yi, ta matse har jini ya daina zagayawa, zuciya ta tsaya. Daga nan ta haɗiye ta ɗungurungum, ta fara daga kai.

Irin mesar da aka fi kiwo a gidajen Amurka da Turai ma 'yar Afirka ta Yamma ce, daga Ghana da Togo da Benin ake fitar da ita. Da ƙyar take wuce mita 1.5, kuma in ta tsorata dunƙulewa take yi kamar ƙwallo ta ɓoye kanta a tsakiya. Ɓera ɗaya a mako ɗaya ko biyu ya ishe ta, amma tana buƙatar ɗumi da wurin ɓuya, tana kuma iya kai shekara 30. Babbar mesar daji kuwa, mai kai mita 5, tana haɗiye akuya. Wannan kam ba ta ajiyewa a ɗaki ba ce.