Don Allah ku bar min yaro ya yi barci

Wallahi na gaji. Yaro ɗan wata 20, bai fi mako biyu da yaye ba. Sai na yi kusan awa guda ina zagaya tsakar gida da shi a baya, ina jijjiga, zani ya jiƙe sharkaf da gumi, don zafin Kano a watan Afrilu ba ya wasa, ga wuta an ɗauke tun safe. Da ƙyar ya lumshe ido. In kwance majanyi a hankali, in shimfiɗe shi kan tabarma, in jawo mafici. To daidai nan za ka ji an banko ƙofa: "Salamu alaikum! Ina angon nawa?"

Haba Hajiya! Angon naki barci yake. Amma ina, sai an leƙa, sai an ja kumatu, wai "ai idonsa biyu". Idonsa biyu mana, tunda kin tashe shi! Ta miƙa masa alewa, minti biyar ta kama gabanta, ta bar ni da rigima, ga shinkafa a wuta, ga wanki jibge.

Shi ma babansa haka: hon ɗin babur tun daga bakin layi, sai ka ce 'yan kawo amarya. Abin haushin, da yaron ya ji sai kuka ya tsaya cak, ya ruga da takalmi ƙafa ɗaya yana "Abba, Abba", ni da na sha goyon ko kallo ban ishe shi ba. Na yi dariya dai. Amma gobe da azahar sakata zan danna wa ƙofar nan.