Ɗan wanzami a gidan masu sarauta

Tun da na zo Ingila nake jin sunan Petworth, sai a bazarar da ta wuce na samu zuwa. Gidan iyalan Wyndham ne a yankin Sussex, kudu da Landan, da filin da ya kai eka 700 inda barewa ke kiwo abinsu. A nan mai zane Turner ya samu masauki. An haife shi a 1775, ɗan wanzami ne daga unguwar Covent Garden, ba shi da jinin sarauta ko kaɗan. Amma mai gidan, Egremont na uku a jerin masu riƙe da sarautar, ya buɗe masa ƙofa, ya ba shi ɗaki a tsohon ɗakin karatu na sama inda haske ke shiga sosai. Daga wajajen 1827 har rasuwar Egremont a 1837, Turner kan zo ya zauna, ya yi zanensa, ya sauka tafki ya yi kamun kifi.

Na daɗe a babban ɗakin da aka ƙawata bangonsa da sassaƙen katako. Akwai zanen Turner guda huɗu da aka manna ƙasa-ƙasa, daidai idon wanda ke zaune yana cin abinci. Sai da na rage tsawo na ga rana tana faɗuwa kan filin, launin zinariya ya mamaye barewa da ciyawa, ga ainihin filin kuma ta taga. Wani dattijo mai kula da ɗakin ya ce min zanen Turner na fenti guda 20 ne a gidan.

A nan Zariya ta faɗo min. A daidai zamanin Turner Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya hau a 1834, ya sa Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a. Duk wanda ya taɓa tsayawa ƙarƙashin bakan gizon nan na ƙasa da azara ya san gwani ya gwanance. Don haka ban yarda da masu cewa girmama mai sana'a ɗabi'ar Turawa ce ba. Sarakunanmu sun riƙe magina da maƙera da majema, har sarauta suka ba su.

Inda muka rabu shi ne riƙo. Iyalan gidan sun miƙa Petworth ga National Trust, ƙungiyar da ke adana wuraren tarihi a Ingila, a 1947, suna zaune a wani sashe har yau, kowa kuma zai iya biya ya shiga. Kowane zane da shekararsa da labarinsa a rubuce. Mu kuwa a shekarun 1970 aka kewaye masallacin Zariya da ginin siminti, kuma yaro mai son ganin siffarsa ta asali sai ya je gidan tarihi na Jos ya kalli kwaikwayonsa da aka gina. Wannan yana ci min rai, wallahi.

Gidan kakana ma haka ya tafi. Zauren yana da zanen dagi a goshinsa, wani magini ne ya yi shi da hannu. Da damina ta cinye kusurwa ɗaya, aka rushe aka sa bulo. Na tambayi Baffa sunan maginin ta waya, ya yi shiru, sannan ya ce, "Ɗana, mu dai Gwani muke ce masa."