"Ai namu ne"

'Yan uwana matasa, akwai wata ɗabi'a da muka mayar ado, in namu yayi ɓarna sai mu tare masa faɗa wai ai namu ne, ko tambayar me yayi ba ma yi. Dan Allah mu daina, ku ji yadda ta kaya da Sultan Alauddin Muhammad na Khawarizm, wata daula a tsakiyar Asiya.

Baturke ne, ya hau mulki a 1200, ya ci Samarƙand, ya mallaki galibin ƙasar Farisa har yana kiran kansa Iskandar na biyu. Kai ya kumbura, a 1217 ya ɗebi runduna zai je Bagadaza yaƙar Khalifa Annasir, dusar ƙanƙara ce ta tare su a duwatsu ta hallaka masa dawakai da mayaƙa ya juyo. Mai hankali da nan ya shiga taitayinsa.

Toh a 1218 ayarin fatake wajen mutum 450 daga ƙasar Jangiz Khan, sarkin Mongol, suka sauka a garin Otrar, kuma fa Musulmi ne, sai gwamnan garin Inalcuk yace 'yan leƙen asiri ne, ya kwashe dukiyarsu aka kashe su. Gwamnan nan dangin mahaifiyar Sultan ne, Tarkan Khatun. Jangiz, duk rashin imaninsa, bai fara da yaƙi ba, manzanni uku ya turo yace a miƙo masa mai laifi. Nan ne wajen da nake so ku lura, mutum ɗaya aka nema wlh, ɗaya tak, amma Sultan ya ga ina zai iya da fushin gyatuma da danginta da suka cika rundunarsa, sai yasa aka kashe manzo ɗaya aka aske wa sauran gemu aka kora su. Kai ma in ƙaninka ya cinye kuɗin mutane ka tsaya kana zagin masu bin bashi, layin nan ka hau, bambancin kawai kai baka da daula.

A 1219 Tatar, wato mayaƙan Jangiz, suka shigo, su dangin da Sultan ya kare ɗin ma bai yarda da su ba, ya rarraba sojojinsa gari gari. Bukhara ta faɗi a 1220, Samarƙand ta bi, gwamnan da aka ƙi miƙawa suka kama shi suka kashe, gyatumar ma aka tafi da ita a bursuna. Shi kuwa Sultan ya dinga gudu har ya mutu a wani tsibiri cikin tekun Kaspiyan a ƙarshen shekarar, masu tarihi sunce ko likkafani ba a samu ba, da rigar wani baransa aka rufe shi.