Almakashi Kafin Fensir: Mayar da Littafin Harper Lee Labarin Zane

Tun da Fred Fordham ya fitar da To Kill a Mockingbird cikin zane a 2018, masu ƙaunar littafin Harper Lee na 1960 ke ƙorafin an rage musu labari. Ni kuwa ina ganin ragewar ita ce ainihin aikin.

A yi lissafi. Littafin ya kai kalma wajen 100,000. Tsohuwar ƙa'idar masu labarin zane kuwa ita ce kada akwati ɗaya (hoto guda cikin jerin hotunan da ke shafi) ya wuce kalma 35, wato shafi mai akwati shida ba zai ɗauki fiye da 210 ba. Ko an cika shafi 300 maƙil, ba a kai kashi biyu cikin uku ba, kuma rubutu ya danne zanen. Dole a yanke. Abin da ya fi wahala shi ne muryar Scout, mai ba da labarin, don babbar mace ce ke tuna ƙuruciyarta a Maycomb ta jihar Alabama. In an zubar da muryar gaba ɗaya, sai a bar mai karatu da yarinya kawai. In an riƙe ta duka, zane ya koma ado.

Dubi zaman kotu. Hannun hagun Tom Robinson, baƙar fatar da ake tuhuma da fyaɗe, ya nakasa tun yana yaro, injin gurzar auduga ne ya kama shi. A rubuce, Lee ta ɓoye wannan har sai da Atticus, mahaifin Scout kuma lauyan Tom, ya ce masa ya miƙe tsaye. Mai zane ba shi da wannan sauƙin: dole tebur ko kafaɗar wani ta tare hannun a kowane akwati. Kuma a ajiye bayyanarsa a shafin hagu, bayan an juya takarda, domin ido yakan riga karatu leƙa shafin dama. Haka fuskar Boo Radley, maƙwabcin su Scout da ke ɓoye a gida, ba a nuna ta sai ƙarshe.

Shi ya sa ake fara tsara shafuka da ƙananan zane-zane na gwaji, kafin fensir, tawada da launi. A nan ne ake ware wa magana gurbinta. Wanda ya bar rubutu sai ƙarshe, zai tarar da kumfar magana (da'irar da ake rubuta maganar mutum a ciki) ta rufe fuskar Mayella, wadda ta zargi Tom, daidai lokacin da take ba da shaidar ƙarya.