Tarakta ce ko akuya?

Wai don Allah, yaushe masu tirela za su gane tarakta ba akuya ba ce? Duk farkon damina in na hau hanyar Gombe zuwa Dadin Kowa sai na tsinci kaina a bayan wata ɗauke da tarakta ƙirar Massey Ferguson, ƙarfe ya haura tan biyu, an ɗaure ta da igiyar da ko guga ba zan yarda ta ja ba! Ina sarƙa huɗu, kowace kusurwa ɗaya a ɗame tamau? Ina birkin hannu? Weji dutse ne da aka tsinta a bakin titi, garma ba a sauke ta ba, tana lilo tana leƙen gilashina, karen mota ya haye kujera yana shan rake, wai shi ke tsaronta. Na yi magana, direba ya ce, "Alhaji, shekara ashirin ba ta taɓa faɗuwa ba." To a kaina kake so ta fara? Kowane rami ta yi tsalle, ni in yi salati, uwargida a gefe har ta fara yafe mini laifin da ban ma san na yi ba!