Aron Kiɗan Fiyano da Sunayen da Ake Mantawa

Da yawanmu mun tashi da kallon katun ɗin Tom and Jerry, kuma duk wanda ya ga wurin da kyanwar ta zauna gaban fiyano sanye da baƙar kwat, ɓeran kuma yana cikin fiyanon ya hana ta sakat, to ya saurari aikin Franz Liszt, mutumin ƙasar Hangari da ya rasu a 1886. Har kyautar Oscar wannan gajeren katun ya ci, amma sai da na girma na san cewa kiɗan yana da mai shi, kuma wannan jahilcin nawa ne ya sa batun ya tsaya mini a rai.

A ganina aron tsohon kiɗa ba laifi ba ne, domin da ba don finafinai da waƙoƙin zamani ba, da miliyoyin mutane sun rayu sun mutu kunnensu bai taɓa cin karo da irin wannan baiwa ba. Abin da ke damuna shi ne yadda ake ɗaukar aikin mutum, a ci riba da shi, sannan a bar sunansa a can ƙarshen fim cikin ƙananan haruffan da babu mai tsayawa karantawa.

Dubi labarin Sergei Rachmaninoff, ɗan ƙasar Rasha. A 1897 an gabatar da simfoninsa na farko, wato dogon kiɗa na taron makaɗa, masu sharhi suka yi masa kaca-kaca, abin da ya jefa shi cikin ƙunci har ya shafe kusan shekara 3 ya kasa tsara wani abin kirki. Wani likita mai suna Nikolai Dahl ne ya yi jinyarsa, kuma da ya farfaɗo ya kammala kiɗansa na biyu na fiyano mai rakiyar taron makaɗa a 1901, ga likitan ya sadaukar da shi. Wato wannan kiɗa godiya ce ta mutumin da ya fito daga duhu. A 1975 mawaƙin Amurka Eric Carmen ya ɗauki karin sashensa na tsakiya ya gina waƙarsa All by Myself a kai, yana zaton haƙƙin mallaka ya riga ya faɗi, sai magadan Rachmaninoff suka tuntuɓe shi, aka daidaita a kan za su riƙa karɓar kashi 12 cikin 100 na kuɗin waƙar. Kuɗi kam an biya, amma a cikin masu sauraron muryar Celine Dion, wadda ta sake rera waƙar a 1996, mutum nawa ne suka taɓa jin sunan wanda ya zub da hawaye kafin karin ya samu?

Na Mozart, shahararren mai tsara kiɗa ɗan ƙasar Ostiriya, ma ya fi ba ni takaici. Kiɗan fiyanonsa mai lamba 21, wanda ya tsara a 1785, an sa shi a wani fim na ƙasar Suwidin a 1967, Elvira Madigan, kuma daga nan sunan fim ɗin ya manne wa kiɗan, har a kan faifan sayarwa. Wannan shi ne kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Akwai fim ɗin da na ga ya sauke nauyin yadda ya kamata, wato The Pianist na 2002, labarin Wladyslaw Szpilman, Bayahude makaɗin fiyano a Warsaw, babban birnin Poland. A nan kiɗan Chopin, mai tsara kiɗan fiyano ɗan ƙasar Poland, ba ado ba ne da aka yafa wa hoto don a sa mai kallo kuka, shi ne ƙashin bayan labarin. Szpilman yana kaɗa wani sanyayyen kiɗan dare na Chopin a gidan rediyon Poland a watan Satumba na 1939 lokacin da bama-baman Jamus suka katse shirye-shiryen tashar. Ya rasa iyayensa da 'yan'uwansa a Yaƙin Duniya na Biyu, ya yi ta ɓuya cikin kufan birnin da yunwa da sanyi, kuma da tashar ta dawo aiki a 1945, da wannan kiɗan da aka katse ya sake buɗe ta.